Me ake nufi da binciken saukar ungulu?

Haka masana ke kiran irin binciken da baƙi daga jami'o'i ko kamfanonin ƙasashe masu arziki ke yi a ƙasa matalauciya: su diro kamar jirgi mai saukar ungulu, su ɗebi jini ko bayanai, su tashi. Tambayar da za a bincika a can aka tsara ta, kuɗin yana hannunsu, sakamakon kuma ya fito da sunayensu. Malamin jami'ar gida da ya nemo izini, ya yi tafinta, ya sha ranar ƙauyuka, sai a sallame shi da layin godiya a ƙarshen takarda.

Kanawa sun ga mafi munin wannan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya samu amincewarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya kaiwa kotu. Matashi ya shiga gida da waya yana tambayar mace sau nawa suka ɗora tukunya jiya. Mai unguwa ya riga ya ce a ba baƙi haɗin kai, ita kuma ta ɗauka sunan masu karɓar tallafi ake rubutawa. Ta dangwala yatsa, an rubuta ta amince. Yaushe ta samu damar cewa a'a? Kuma ba wanda zai dawo ya gaya mata abin da aka gano.

An fara taka burki. A 2017 al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da ƙa'idojinta, duk mai son bincike a kansu sai ya fara neman yardarsu. A 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta soma tambayar marubuta irin rawar da masanan gida suka taka. Sai dai har yanzu galibin kuɗin ta asusun jami'o'in waje yake biyowa, kuma da wuya masanin gida ya musa wa mai biyansa.