Asusun Jarumai na Carnegie

Asusun Jarumai na Carnegie gidauniya ce mai zaman kanta da attajirin masana'antar ƙarfe Andrew Carnegie ya kafa a shekarar 1904 a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania a Amurka. Aikinta shi ne karrama farar hula da suka sa ransu cikin babban haɗari don ceton ran wani, a Amurka ko Kanada, tare da tallafa wa waɗanda suka nakasa a wajen ceton da kuma iyalan waɗanda suka rasu. Abin da take bayarwa shi ne lambar yabo ta Carnegie, haɗe da kuɗi. Zuwa yau an karrama mutum sama da 10,000, kuma kimanin ɗaya cikin biyar daga cikinsu bayan mutuwarsu aka ba su.

Asali

Da safiyar ranar 25 ga Janairu, 1904, wata fashewa ta auku a ramin haƙar kwal na Harwick, a kusa da Pittsburgh. Iskar gas da ƙurar kwal ne suka kama wuta a ƙarƙashin ƙasa, kuma kusan duk wanda ya shiga aiki a ranar bai fito da rai ba. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 181. Cikin wannan lissafi akwai mutum biyu da ba sa cikin ramin lokacin da abin ya faru. Na farko shi ne Selwyn Taylor, injiniyan haƙar ma'adinai da ya san ramin ciki da waje. Da labari ya iske shi a Pittsburgh sai ya garzaya, ya sauka tare da 'yan ceto. Sun tarar da wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Adolph Gunia da sauran numfashi, jikinsa duk ƙuna, aka fito da shi. Taylor ya ƙara kutsawa ciki neman wasu, iska mai guba da ta rage bayan fashewar ta kayar da shi, bai tashi ba. Na biyu kuma Daniel Lyle ne, mahaƙin kwal daga wani wuri dabam, wanda ya amsa kiran neman 'yan sa kai, shi ma iskar ta kashe shi.

Labarin mutanen nan biyu ya taɓa Carnegie ƙwarai. Ya ba da gudummawa ga asusun agajin iyalan mamatan, ya kuma sa aka ƙera lambobin yabo don iyalan Taylor da Lyle. Cikin 'yan makonni ya rubuta takardar amanar kafa asusun, mai ɗauke da kwanan wata 12 ga Maris, 1904, sannan hukumar da za ta riƙe amanar ta fara zama a ranar 15 ga Afrilu. Ya damƙa mata takardun lamuni na kamfanin United States Steel da darajarsu ta kai dala miliyan 5, ya naɗa mutum 21 su kula da ita. Har yanzu mambobin hukumar 21 ne.

Masu rubuta tarihinsa sukan ce tunanin ya girmi Harwick. A wajajen 1886 wani saurayi mai suna William Hunter ya nutse a wani tafki kusa da Dunfermline, garin haihuwar Carnegie a Sikotland, yana ƙoƙarin ceton wani yaro. Carnegie ya sa hannu a kuɗin gina masa abin tunawa, kuma kalaman da aka rubuta a jikinsa suna nuna ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: cewa jaruman ƙarya su ne masu tinƙaho da hallaka 'yan'uwansu, jaruman gaskiya kuwa su ne masu ceto ko yi wa jama'a hidima. Mutum ne da ya tsani yaƙi, kuma yana jin haushin yadda soja ke samun lamba da fansho alhali mai ceton rai a lokacin zaman lafiya sai dai a ce masa an gode.

Wanda ya kafa shi

An haifi Carnegie a 1835, ɗan masaƙi ne. Talauci ya kori iyayensa zuwa Amurka a 1848. Ya fara da aikin masaƙa yana yaro, ya zama ɗan aiken kamfanin wayar tangarahu, ya shiga aikin jirgin ƙasa, daga bisani ya mallaki kamfanin ƙarfe mafi girma a ƙasar, wanda ya sayar a 1901 a kan kimanin dala miliyan 480. Ya rasu a 1919 bayan ya rabar da mafi yawan dukiyarsa. Cikin gidauniyoyinsa masu yawa, wannan ce ya riƙa kira da "ɗana na kaina", domin a cewarsa ba wanda ya kawo masa shawararta.

Akwai masu ganin alherin nasa wanke suna ne, ganin yadda aka murƙushe yajin aikin ma'aikatan masana'antarsa ta ƙarfe da ke Homestead a 1892 har aka rasa rayuka. Wasu na ganin akidarsa ce tun asali. Masana ba su daidaita a kai ba.

Sharuɗɗa

Carnegie ya faɗa tun farko cewa ba ya sa ran kuɗi su haifar da jarumta, domin ya san mai faɗawa ruwa ko wuta ba ya tsayawa lissafi. Abin da yake so shi ne kada jarumin da ya ji rauni, ko matarsa da 'ya'yansa, su shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi saboda abin kirkin da ya yi. A takardar amanar ya ambaci likitoci da ma'aikatan jinya da ke sa kai lokacin annoba, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da masu ceto a teku.

Dokokin hukumar suna da tsauri. Dole mutum ya kasance farar hula, ya shiga haɗarin da son ransa, kuma haɗarin ya kasance na gaske wanda ya wuce misali. Soja ba ya ciki. Ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ba ya samu sai idan abin da ya yi ya zarce abin da aikinsa ya ɗora masa. Wanda ya ceci ɗansa ko matarsa ko wani na cikin gidansa ma ba ya samu, sai fa idan ya rasa ransa ko ya ji mummunan rauni, domin ana ganin wannan jini ne ya ja shi. Yaron da bai kai ya fahimci haɗarin ba shi ma an cire shi. Ana so a kai rahoto cikin shekara biyu da faruwar abin, kuma sai an sami tabbatacciyar shaida. A da hukumar na da masu bincike da ke bin jiragen ƙasa gari-gari, suna auna zurfin rijiya ko ƙarfin igiyar kogi, suna zama da shaidu ɗaya bayan ɗaya. Kusan ɗaya cikin goma na sunayen da ake kawowa ne ke tsallake wannan tankaɗe.

Wani sharaɗi na farkon zamanin, wanda a yau zai ba mutum mamaki, shi ne cewa tallafin yana ci gaba ne muddin mai karɓa ya kasance mai kamun kai da mutunci a cikin jama'arsa.

Lambar

A fuska ɗaya akwai hoton Carnegie. A ɗaya fuskar akwai taswirar Amurka da Kanada, da wurin da ake zana sunan jarumin, da na wanda ya ceta, da wuri da ranar da abin ya faru. A kewayen gefen an rubuta aya ta 13 daga sura ta 15 ta Linjilar Yohanna, wadda ke cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. Da farko akwai ta zinariya da ta azurfa da ta tagulla, gwargwadon girman haɗarin. Tun kusan 1981 aka daina bambantawa, kowa tagulla ake ba shi. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912 an ƙera wata ta zinariya ta musamman don tunawa da duk waɗanda suka nuna jarumta a daren, ba tare da an ware sunan kowa ba.

Wasu daga cikin waɗanda aka karrama

Na farko shi ne Louis Baumann, ɗan shekara 17, wanda a watan Yulin 1904 ya yi ta nutso a wani kududdufi kusa da Wilkinsburg, a gefen Pittsburgh, har ya ceto abokinsa da ya nutse.

Mutane ƙalilan ne suka samu sau biyu, kuma wanda aka fi tunawa cikinsu shi ne Rudell Stitch, baƙar fata ɗan damben zamani daga Louisville a jihar Kentucky, wanda ke aiki a mayanka duk da sunan da ya yi a dambe. A 1958 yana kamun kifi a bakin wata madatsa a kogin Ohio sai wani ma'aikaci ya faɗa ruwa, Stitch ya bi shi ya fito da shi. A watan Yunin 1960, a kogin nan dai, abokin kamun kifinsa ya zame, suka faɗa tare. Stitch ya iya iyo, kuma shaidu sun ce ya kusa tsira, amma ya juya ya koma neman abokin. Dukansu biyu suka rasu. Lamba ta biyu iyalinsa aka miƙa wa.

Mutum na 10,000 ita ce Vickie Tillman, ma'aikaciyar ɗakin cin abincin wata makaranta a birnin Baton Rouge na jihar Louisiana, wadda ta tsayar da motarta ta taimaki ɗan sandan da wani mutum ke duka. An sanar da sunanta a 2018.

A Turai

Carnegie ya kafa irin wannan asusu a Birtaniya a 1908, da hedikwata a Dunfermline, sai Faransa a 1909 da Jamus a 1910. A wajajen 1911 aka ƙara Norway, Holan, Suwizalan, Beljiyam, Italiya, Suwidin da Denmark. Na Jamus ya durƙushe a zamanin mulkin 'yan Nazi. Waɗanda suka rage, kowannensu cin gashin kansa yake yi, da dokokinsa.

A yau

Hedikwatar tana nan a Pittsburgh. Sau huɗu a shekara ake sanar da sababbin sunaye, kuma yawancinsu daga ceton ruwa, gobarar gida ko ta mota, da kai ɗauki ga wanda aka far wa suke fitowa. Jimillar abin da aka kashe wajen kyauta, tallafin karatu, kuɗin jana'iza da taimakon wata-wata ya haura dala miliyan 40.