Mene ne simulashan, kuma me ya haɗa mai hasashen yanayi da mai haɗa fim?

Simulashan shi ne a sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda wani abu na zahiri yake gudana, da lissafi zalla. Ana ba ta abu uku: halin da abin yake ciki tun farko, dokokin kimiyyar da yake bi, da iyakar wurin da ake nazari. Daga nan sai ta riƙa tura lokaci gaba kaɗan-kaɗan, tana lissafa abin da zai faru a kowane taku. Da shi ake hasashen guguwa, ake gwada fiffiken jirgin sama tun ba a ƙera shi ba, da shi kuma ake samar da hayaƙi da ambaliyar da ake gani a fina-finai da wasannin bidiyo.

A ce iska ake son kwaikwaya. Sai a yanyanka sarari zuwa akwatuna, kowanne ya riƙe 'yan lambobi: zafi, matsi, danshi, saurin iska da inda ta dosa. Lissafin Navier da Stokes, wanda aka tsara tun ƙarni na 19, shi ke faɗin yadda motsin kowane akwati zai sauya saboda maƙwabtansa. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, tana aiki da tazarar kusan kilomita 9, hawa 137 daga doron ƙasa zuwa sama.

Ƙanƙanta akwati ba arha ba ne. In aka rage tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa da rabi, yawan akwatunan ya ninka sau 8. A hanyar lissafi mafi sauƙi, dole takun lokaci ma ya ragu da rabi, aikin ya tashi ninki 16. Dalilin wata ƙa'ida ce da Courant da Friedrichs da Lewy suka fitar a 1928: kada abin da ke tafiya ya tsallake fiye da akwati ɗaya a taku guda. Da zarar an karya ta, kuskure ya dinga ninkuwa, lambobi su haukace, ruwan da ke kan allo ya tarwatse.

Matsala ta biyu ita ce bayanan farko. Masanin lissafi Lewis Fry Richardson ya yi hasashen yanayi na awa 6 da hannu, ya buga shi a 1922. Lissafin ya ce matsin iska zai sauya da miliba 145 (miliba ma'aunin matsin iska ne), alhali da ƙyar ya motsa. Hanyarsa mai kyau ce, awon da ya fara da shi ne bai daidaita ba. Sai a 1950 kwamfutar ENIAC ta yi hasashe mai ma'ana, ta cinye kusan awa 24 kafin ta faɗi yanayin awa 24. A 1961 kuma masanin yanayi Edward Lorenz ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127 cikin lissafin yanayi na kwamfutarsa, sakamakon ya kama wata hanya dabam gaba ɗaya. Shi ya sa ECMWF ba ta tsaya kan lissafi ɗaya: takan gudanar da 51, ana ɗan jirkita bayanan farko, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Mai bincike na gari yakan maimaita aikinsa da akwatuna mafi ƙanƙanta. In amsar ta ci gaba da sauyawa, bai isa ya buga ta ba tukuna. Bayan haka ma sai ya gwada ta da awon zahiri.

Mai fim da lissafin nan yake aiki, amma buƙatarsa dabam. Shi dai ido ya yarda, kuma kada aikin ya fashe da dare bayan an bar kwamfutoci suna yi. A 1999 Jos Stam ya kawo hanyar kwaikwayon ruwa da hayaƙi da ba ta fashewa komai girman taku. Illarta, tana cinye ƙananan murɗe-murɗen hayaƙi, ya fito a sake. Maganin da masu fim suka ɗauka shi ne su ƙara wani ƙarfi na ƙirƙira da zai dawo da murɗewar. A fim babu laifi. Injiniyan da ya yi haka a lissafin fiffike ba tare da hujja ba, ya yi ganganci.

Bayan motsi sai fitar da hoto. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato na minti 90 yana da hoto 129,600, kuma kowane hoton 4K na talbijin yana da ɗigo sama da miliyan 8. Don a san launin ɗigo guda, kwamfuta kan harba zaren haske da yawa daga kyamara, kowanne ya bi hanyar da aka zaɓa da ƙuri'a, a ɗauki matsakaicinsu. Dabarar Monte Carlo ke nan, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka a shekarun 1940 don bin diddigin ƙwayoyin niyutron. James Kajiya ya ɗora ta kan haske a 1986. In zaren ya yi kaɗan, hoto ya fito da dishi-dishi kamar an watsa masa yashi. Rage wannan da rabi sai an ninka zaren sau 4, abin da ke sa hoto ɗaya ya ci awanni. Wasan bidiyo ba shi da wannan sukuni: mai hoto 60 a daƙiƙa, ƙasa da milidaƙiƙa 17 yake da su, saboda haka kusan komai nasa ƙiyasi ne.

Injin ma yanzu iri ɗaya ne. GPU, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, don zanen wasanni aka ƙera shi, ya ƙware a maimaita lissafi ɗaya kan dubban lambobi lokaci guda, abin da akwatunan nan ke buƙata. Babbar kwamfutar Frontier ta cibiyar binciken Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, yawancin ƙarfinta daga GPU yake. Sai dai mai sayen kati ya lura: zane yakan wadatu da lamba mai bit 32 (bit shi ne ƙwayar ma'ajiyar kwamfuta, 0 ko 1), daidaito wajen gurbi 7, kimiyya kuwa sau da yawa sai bit 64, wajen gurbi 16, kuma katin wasa yana jan ƙafa sosai a nan.

Wani lokaci ɓangarorin biyu kan haɗu a aiki ɗaya. Baƙin ramin sararin samaniya na fim ɗin Interstellar na 2014, da lissafin masanin fiziks Kip Thorne aka zana shi, har aikin ya fito a mujallar kimiyya a 2015. Duk da haka an cire wani abu da gangan: a zahiri a faifan haske da ke kewaye ramin, gefen da ke juyowa wajen mai kallo ya kamata ya fi ɗayan haske nesa ba kusa ba, masu fim suka ga zai rikita 'yan kallo, suka bar shi.