Waiwaye kan lambobin yabon 'yan jaridar Larabawa masu binciken ƙwaƙwaf

Ranar 2 ga watan Yunin 2005 Samir Kassir ya fito daga gidansa a unguwar Ashrafiyya da ke Bairut, ya shiga motarsa, bam ya tashi da shi. Marubuci ne a jaridar An-Nahar, ya kuma yi suna wajen caccakar yadda Siriya ta yi kane-kane a siyasar Labanon. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka kashe shugaban jaridar, Gebran Tueni, ranar 12 ga Disamba, shi ma da bam. Daga waɗannan kashe-kashe biyu aka samu lambobin yabo biyu. Tarayyar Turai ta kafa ɗaya da sunan Kassir, aka fara bayar da ita a 2006, ƙungiyar jaridu ta duniya kuma ta kafa ɗayar da sunan Tueni. A wannan shekara ta 2005 ɗin dai aka kafa ARIJ a birnin Amman na ƙasar Jodan, wato cibiyar 'yan jaridar Larabawa masu binciken ƙwaƙwaf, wadda lambar yabonta ta zama abin da matasan 'yan jarida ke hanƙoro daga Maroko har Yaman.

Mai karatu daga Najeriya zai iya lura cewa lambar yabo ta Wole Soyinka kan irin wannan aiki ita ma a 2005 aka fara ta.

Ba a 2005 Larabawa suka fara tono asirin masu mulki a jarida ba. A 1950 Ihsan Abdul Ƙuddus ya bankaɗo, a mujallar Rose al-Yusuf ta Alƙahira, zargin cewa an sayo wa sojojin Masar ruɓaɓɓun makamai a yaƙin Falasɗinu na 1948, kuma wasu na kusa da fadar Sarki Faruk sun yi rub-da-ciki da kuɗin. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko makaman ne suka jawo shan kashin, amma babu jayayya cewa labarin ya zubar wa sarautar mutunci, kuma ya share wa sojojin da suka kifar da ita a 1952 hanya. Tukwicin da Ihsan ya samu daga sababbin masu mulkin shi ne kurkukun soja a 1954, bayan ya juya alƙalaminsa a kansu. A 1960 Jamal Abdul Nasir ya mayar da manyan jaridun Masar ƙarƙashin ikon gwamnati, ƙasashen Larabawa da dama suka bi irin wannan sawu. Tsawon shekaru kusan 40 daga nan, ɗan jaridar da ya iya yabo da zubo Larabci mai daɗi shi ake karramawa. Mai tono kuwa ya gode wa Allah idan ya kwana a gidansa.

Tashoshin tauraron ɗan'adam ne suka fara sassauta wannan ƙulli. An buɗe Al Jazeera a 1996, kuma daga 1998 Yusri Fuda, ɗan Masar, ya riƙa gabatar da shirin bincike a tashar. Shi ne ya je Karachi a 2002 ya zauna da Khalid Sheikh Muhammad da Ramzi bin al-Shibh, 'yan ƙungiyar Al-Ƙa'ida, suka bayyana masa da bakinsu yadda aka kitsa harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. A 1999 kuma Shaikh Muhammad bin Rashid na Dubai ya ƙaddamar da babbar lambar yabo ta aikin jarida ta Larabawa, mai kuɗi masu tsoka, da rukunin bincike a cikinta. Ta taimaki mutane da yawa, ba a musu. Sai dai kyauta ce daga hannun mai mulki a ƙasar da ba a sukar mai mulki, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Abin da ARIJ ta zo da shi daban ne, kuma nan ne ya kamata a ɗan dakata. Da tallafin ƙasar Denmak aka kafa ta, 'yar jaridar Jodan Rana Sabbagh ta jagorance ta tsawon shekaru har zuwa 2019, sannan Rawan Damen ta gaje ta. Cibiyar ba ta fara da raba kyauta ba, da koyarwa ta fara. Ɗan jarida zai kawo zarginsa a jimla ɗaya ko biyu: wane ne ya yi, me ya yi, wa aka cuta. A ba shi kuɗin zirga-zirga da na gwaje-gwaje, a haɗa shi da gogaggen mai duba aiki. In ya gama, a zauna a bi rubutun layi-layi, kowace magana sai ya nuna takarda ko faifan muryar da ya dogara da shi. Daga nan a miƙa wa lauya ya duba kafin a buga, sannan a nemi wanda ake zargi ya faɗi nasa. Littafin koyar da wannan hanya, wanda Mark Lee Hunter ya jagoranci rubutawa domin ARIJ, hukumar UNESCO ta buga shi a 2009, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Daga 2008 cibiyar ta fara taron shekara-shekara a Jodan, kuma a wajen taron ne ake sanar da waɗanda suka lashe lambar yabonta. Ma'aunin ya koma hujja ke nan, iya magana ta daina wadatarwa. A ganina wannan shi ne babban sauyin da aka samu a duk tarihin, ya fi kuɗin kowace kyauta amfani.

Ga misalin irin aikin da wannan makaranta ta haifar. Wata matashiyar 'yar jarida, Hanan Khandagji, ta shiga cibiyoyin kula da yara masu naƙasa a Jodan a matsayin 'yar sa-kai, ta ga dukan da ake yi wa yaran da wulaƙancin da suke sha, ta tattara shaida. Sashen Larabci na BBC ya nuna rahoton a watan Mayun 2012. Sarki Abdullah na Biyu da kansa ya kai ziyarar ba-zata wasu cibiyoyin, ya ba da umarnin bincike, aka rufe wasu.

Amma a ajiye wannan kusa da abin da ya faru a watan Oktoban 2021, lokacin da takardun Pandora, wato bayanan sirri kan dukiyar manyan duniya da aka kwarmata wa 'yan jarida, suka nuna cewa sarkin ya mallaki gidaje na sama da dala miliyan 100 a Amurka da Ingila ta hanyar kamfanonin ɓoye. Fadar ta ce da kuɗinsa ya saya, kuma dalilan tsaro ne suka sa ba a bayyana ba. Kafofin labaran cikin gida kusan duk suka yi gum. Jodan ce ƙasar Larabawa ta farko da ta yi dokar 'yancin samun bayanai, tun 2007, shekara huɗu kafin Najeriya, kuma ita ce masaukin ARIJ. Duk da haka iyakar a bayyane take: asibiti, makaranta, gurɓataccen abinci, kamfanin da ke zubar da guba a rafi, duk a tona. Fada da soja da jami'an leƙen asiri kuwa, a yi hattara. Kusan haka abin yake a duk yankin, shi ya sa yawancin rahotannin da ake iya karramawa a bainar jama'a a cikin ƙasashen Larabawa na rukunin farko ne.

Boren da al'ummar ƙasashen Larabawa suka yi wa shugabanninsu a 2011 ya buɗe ƙofa na ɗan lokaci. Aka samu sababbin kafofi a intanet waɗanda bincike ne ƙashin bayansu: Mada Masr a Masar a 2013 ƙarƙashin Lina Attalah, Inkyfada a Tunisiya a 2014, Daraj a Labanon a 2017. 'Yan jaridar Larabawa suka shiga manyan ayyukan haɗin gwiwa na duniya, irin su binciken takardun sirri na Panama na 2016, masu yawan miliyan 11.5. Inkyfada na fara wallafa sunayen 'yan Tunisiya da ke ciki aka yi wa shafinta kutse.

Ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba, kuma daga nan lambobin yabon suka sauya aiki. Suka zama hanyar tuna wa duniya cewa wane yana tsare. Mahmud Abu Zaid, mai ɗaukar hoto da aka fi sani da Shawkan, an kama shi ranar 14 ga Agustan 2013 yana ɗaukar hoton yadda jami'an tsaro suka tarwatsa zaman dirshan na Rabi'a al-Adawiyya a Alƙahira, inda aka kashe ɗaruruwan mutane. Yana gidan yari UNESCO ta ba shi lambar yabonta ta 'yancin aikin jarida a 2018, a bikin da aka yi a Akra ta ƙasar Gana, gwamnatin Masar na ta kumfar baki. An yanke masa shekara biyar, wa'adin da ya riga ya cinye a tsare, aka sake shi a watan Maris na 2019 bisa sharaɗin ya riƙa kwana a ofishin 'yan sanda kullum, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Umar Radi na Maroko, wanda ya yi fice wajen binciken yadda manya ke handame filaye, an ɗaure shi shekara shida a 2021 kan tuhumar fyaɗe da leƙen asiri, tuhumar da ya musanta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuma suka soki yadda aka gudanar da shari'ar. Yana ɗaure ƙungiyar kare 'yancin 'yan jarida ta RSF ta karrama shi a 2022, sai a watan Yulin 2024 sarki ya yi masa afuwa.

Ko lambar yabo tana fito da mutum daga kurkuku? Shawkan dai sai da ya cika shekarunsa. Abin da za a iya cewa shi ne tana sa ɓatar da mutum ya yi wa hukuma tsada.

Masu ɗaukar hoto suna da nasu babi, domin sau da yawa hoton shi ne hujjar gaba ɗaya. Ali Arkady, ɗan Iraƙi, ya bi wata rundunar musamman ta ma'aikatar cikin gida a yaƙin ƙwato Mosul a 2016 da niyyar nuna jarumtarsu. Da suka saba da shi suka daina ɓoye masa komai, ya ɗauki hotunan yadda suke rataye fararen hula suna gana musu azaba. Ya gudu daga ƙasar da iyalinsa, aka buga hotunan a 2017, ya kuma lashe lambar yabon Bayeux ta masu aiko da rahoton yaƙi a Faransa. Kyautar ta jawo muhawara mai zafi, domin shi da bakinsa ya ce akwai lokacin da sojojin suka matsa masa ya kai wa waɗanda ake tsare da su duka, ya kuma yi saboda tsoron ransa. Wasu suka ce bai cancanta ba, wasu suka ce ba don shi ba da babu wanda zai ga abin.

A 2019 'yan jarida uku na kamfanin dillancin labarai na AP suka lashe Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta Amurka, kan yaƙin Yaman: Maggie Michael da mai ɗaukar hoto Nariman El-Mofty, 'yan asalin Masar, da mai ɗaukar bidiyo Ma'ad al-Zikri, ɗan Yaman. Ba su bar kowane ɓangare ba. Sun nuna azabtarwa a gidajen yarin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke juya akalarsu a kudancin ƙasar, sun nuna ta a hannun 'yan tawayen Husi, sun kuma bi sawun abincin agaji da ake karkatarwa yara na mutuwa da yunwa. A Niyok aka karrama wannan aiki, kuma al-Zikri bai halarci bikin ba saboda Amurka ta hana shi biza.

Gaza ta kai lamarin wani mataki. Hoton shekara na gasar hotunan jarida ta duniya, World Press Photo, a 2024 na Muhammad Salem ne na kamfanin Reuters, wanda ya ɗauka ranar 17 ga Oktoban 2023 a asibitin Nasir da ke Khan Yunus: wata mata ta durƙusa ta rungume gawar 'yar ɗan'uwanta mai shekara 5 a cikin likkafani. A 2025 Samar Abu Elouf ta lashe irin wannan lamba da hoton wani yaro ɗan shekara 9 da harin Isra'ila ya raba da hannayensa biyu, ta ɗauke shi a Doha inda ita ma take zaune bayan an fitar da ita daga Gaza. UNESCO kuwa a 2024 ba ta ware mutum ɗaya ba, ta ba 'yan jaridar Falasɗinu masu aiki a Gaza lambarta baki ɗaya. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ce tun da ya fara ƙididdiga a 1992 bai ga yaƙin da ya ci rayukan 'yan jarida kamar wannan ba. ARIJ da kanta ta shiga wani binciken haɗin gwiwa a 2024 kan yadda aka kashe abokan aikin nata.

Saura batun kuɗi, wanda masu shirya bukukuwan ba su cika son a taɓo ba. Lambar Samir Kassir tana zuwa da Yuro 10,000 a kowane rukuni, daga aljihun Tarayyar Turai. ARIJ da mafi yawan kafofin da aka ambata da tallafin ƙasashe da gidauniyoyin waje suke numfashi, domin ɗan kasuwar cikin gida ba zai saka talla a shafin da ke binciken abokin cinikinsa a gwamnati ba. Wannan ya ba hukumomi sandar duka, suna kiran 'yan jaridar 'yan koren Turawa. Husam Bahgat, wanda hukumar leƙen asirin sojan Masar ta tsare a watan Nuwamban 2015 saboda rahoton da ya rubuta a Mada Masr kan shari'ar sirri da aka yi wa wasu hafsoshi, daga 2016 aka hana shi fita ƙasar aka kuma riƙe dukiyarsa a ƙarƙashin shari'ar karɓar kuɗin waje, ba a ɗage ba sai 2024. Zargin kuma ba a rasa masu jin sa a cikin talakawa, musamman bayan sun ga wasu daga cikin gwamnatocin da ke raba kyautar 'yancin jarida suna sayar wa masu kashe 'yan jaridar makamai.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙetare, kafofin labarai masu zaman kansu a ƙasashe da dama suka wayi gari da giɓi a kasafinsu. Wasu na gwada neman masu karatu su riƙa biyan kuɗin zama mamba. Mada Masr na cikin masu gwada wannan hanya, alhali an toshe shafinta a cikin Masar tun watan Mayun 2017, sai mai karatu ya bi ta bayan gida a intanet kafin ya ga abin da ake roƙonsa ya biya.