Fitilar mota mai kashe ido: abin da doka ta ce, da wanda ta ɗora wa laifi

Duk mai tuƙi da dare ya san abin. Mota ta ɓullo daga gaba, farin haske ya cika gilas, titi ya ɓace ɓat. Sai mutum ya damƙe sitiyari yana lalube har ta wuce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa uku na rashin gani tafiyar mita 80 da ɗoriya ce a makance. A cikin wannan tazara ana iya samun mai tafiya a ƙasa, ko babur, ko motar da ta lalace aka bar ta a gefe.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan wahalar tuƙin dare ce kawai, wadda sai haƙuri. Alhali akwai doka a kai, kuma hawa biyu ce. Hawa na farko ya shafi direba da yadda yake amfani da fitilarsa. Na biyu ya shafi fitilar kanta, yadda aka ƙera ta da yadda aka saita ta.

Na direba shi ya fi sauƙin fahimta. A ranar 8 ga Nuwamba 1968 aka sa hannu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya kan yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta ƙasa da ƙasa, ta fara aiki a 1977, kuma dokokin hanya na ƙasashe masu yawa daga gare ta suka samo tsarinsu. Sashe na 32 ya faɗi inda dole a sauke ful a koma dim: cikin gari inda titi ke da wadataccen haske, da lokacin da za ka yi kiciɓis da wata mota, da duk wani hali da haskenka zai kashe idon wani. Yarjejeniyar ta ce a sauke tun daga nesa, yadda wancan direban zai ci gaba da tafiyarsa cikin sauƙi ba tare da haɗari ba. Ke nan wanda ya bari sai da aka yi gaba da gaba sannan ya taɓa makunni bai cika sharaɗin ba. Har matuƙin jirgin ƙasa da na ruwa da ke bin gefen titi an ambata a ciki.

Wasu wurare sun sa wa abin ma'auni. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dole ka koma dim idan tazararka da mai zuwa ta kai ƙafa 500, wato kimanin mita 150, ko ƙafa 300 idan kana bin bayan wani. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa. Wanda ke gabanka ba ya fuskantarka, amma madubansa uku suna kwaso haskenka suna watsa masa a fuska. A Birtaniya kuwa, ƙa'ida ta 114 a kundin dokokin hanya ta hana amfani da kowace irin fitila ta yadda za ta kashe ido ko ta takura wa wani, har da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ƙa'ida ta 226 ta ce fitilar hazo ba ta halatta sai gani ya ragu ƙasa da mita 100. Masu kunna ta a sararin dare don motar ta yi kyau, laifi suke yi a can.

To amma sau da yawa ka yi wa mutum alama ya sauke, sai ya danna maka ful na gaske don ya nuna maka cewa da ma a dim yake. Nan ne hawa na biyu ya shigo, kuma nan ne yawancin matsalar zamanin nan take.

Dokar ƙera fitila ba ta tsaya kan tambayar ko hasken ya yi yawa ba. Abin da ta fi damuwa da shi shi ne inda hasken ke sauka. Tocila ɗaya ce, in ka haska ta a ƙafar mutum ka taimake shi, in ka ɗaga ta zuwa fuskarsa ka makantar da shi. Ƙa'idojin da ake tsarawa a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa wata yarjejeniya ta 1958, sun ce hasken dim ya kasance yana da iyaka ta sama: ƙasa da layin haske ne mai ƙarfi, sama da shi duhu-duhu. Ana gwada fitila a ɗakin gwaji, a auna hasken da ke faɗawa a wurare daban-daban, kuma ɗaya daga cikin wuraren shi ne daidai inda idon direba mai zuwa zai kasance a nisan mita 50. Hasken da aka yarda ya kai can ɗan kaɗan ne ƙwarai. Fitilar da ta ci wannan jarrabawa za ka ga an buga mata harafin E a cikin da'ira tare da lamba: 1 na Jamus, 2 na Faransa, 11 na Birtaniya, 43 na Japan. Amurka tana da tata ƙa'idar daban, mai lamba 108, kuma fitilunta suna ɗauke da tambarin DOT.

Layin nan ba a miƙe yake ba. Yana kwance a ɓangaren masu zuwa, sannan ya ɗaga a ɓangaren gefen titi domin direba ya hango alluna da masu tafiya a ƙasa. Saboda haka motar da aka ƙera don ƙasar da ake bin hagu, in aka kai ta inda ake bin dama ba a canza fitilunta ba, ɓangaren da ya ɗaga sai ya faɗa kai tsaye a idon masu zuwa. Ko an mayar da sitiyari ɗaya gefen, fitilar tana nan da halinta na asali.

Sai batun saiti, wanda a ganina shi ya fi cancanta kowane mai mota ya sani. Ƙa'ida ta 48 ta Jeniba ta ce hasken dim ya ɗan sunkuya ƙasa, a ƙananan motoci yawanci kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, kuma mai ƙera mota ya rubuta adadin a jikin fitilar ko kusa da ita. In ka buɗe bonet ka duba da kyau za ka ga ɗan rubutu kamar 1.0% ko 1.2%. Ma'anar kashi 1 ita ce haske ya sauka santimita 1 a kowace mita. Ɗauki fitilar da ke da tsayin santimita 70 daga ƙasa. A nisan mita 50, layin haskenta ya sauko zuwa santimita 20 kacal, can ƙasa da idon kowa. Yanzu a ce saitin ya goce sama da kashi 2 kawai. A wannan nisan layin ya hau mita guda cur, ya koma santimita 120, wato kusan daidai fuskar wanda ke zaune a ƙaramar mota. Gocewar da ba za ka lura da ita ba in ka tsaya a gaban motar, ita ce ke makantar da kowa a hanya, kuma mai motar yana ciki yana jin daɗin yadda fitilarsa ke haska nesa.

Me ke gotar da saitin? Ɗan karo, ko faɗawa rami, ko canza gidan fitila ba tare da an sake daidaita shi ba. Sai kuma kaya. In aka cika but, mutum uku suka zauna a baya, bayan mota ya sauka, gabanta ya ɗaga. Don wannan ne aka sa wata 'yar ƙaramar taya kusa da sitiyari a motoci da yawa, mai lamba 0, 1, 2, 3. Sifili na direba ne shi kaɗai ko da mutum ɗaya a gaba, in kaya sun ƙaru sai a ƙara lamba, fitila ta sunkuya. Akwai masu shekara da shekaru da mota ba su taɓa sanin aikin wannan tayar ba. Ga fitilu masu ƙarfi kuma ƙa'idar Jeniba ba ta bar abin a hannun direba ba: in hasken ya wuce lumen 2,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), sai motar ta zo da na'urar da ke daidaita fitila da kanta, da kuma abin wanke gilashinta, domin ƙura da datti suna tarwatsa haske ta ko'ina. Ƙwan halojin na H7 yana ba da kimanin lumen 1,500, na zenon mai wat 35 kuwa ya haura 3,000.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa hukumomi ke tsanantawa kan ƙwayayen LED da ake sayowa a cusa a gidan fitilar halojin. Madubin da ke cikin gidan an lanƙwasa shi ne daidai da ɗan siririn waya mai ci da ke wani takamaiman wuri. In aka sa abin da haskensa ke fitowa daga wani wurin daban, layin iyakar nan sai ya rushe, haske ya bazu sama da gefe. Mai motar yana ganin farin haske a gabansa yana zaton ya ƙaru, alhali sau da yawa nisan ganinsa bai ƙaru ba. A Birtaniya, tun 2021, motar da aka yi wa irin wannan canji tana faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da waɗanda suka hau titi kafin Afrilun 1986. Jamus ta bi wata hanyar: a 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a kansu kaɗai. Da yawa daga cikin ƙwayayen da ake sayarwa ta intanet an rubuta a kwalinsu da ƙananan haruffa cewa ba na hawa titin jama'a ba ne. Da wannan rubutu mai sayarwa ya zame, laifin ya koma kan wanda ya sa.

Duk da haka ba zan ce dokar ta wadatar ba, domin akwai motoci sababbi fil, masu bin ƙa'ida sau da ƙafa, da ke cutar da idon jama'a. Gwajin ɗaki yana ɗaukar titi a shimfiɗe yake, amma titi na gaske yana da tudu da gangara da kwana, kuma duk lokacin da gaban mota ya ɗaga a kan tudu, hasken da aka tanada don kwalta sai ya dawo fuska. Motoci sun ƙara tsayi. Ƙa'idar Jeniba ta yarda fitilar dim ta kai tsayin mita 1.2 daga ƙasa, ta Amurka har inci 54, kusan mita 1.4, don haka babbar jif tana iya haska cikin ƙaramar mota ba tare da ta karya komai ba. Ga kuma launi: hasken LED ya fi karkata zuwa shuɗi, na halojin zuwa ruwan ɗorawa, kuma ido ya fi jin zafin na farkon. Faransa ta taɓa wajabta fitila mai ruwan ɗorawa daga 1937 har farkon 1993. Waɗanda abin ya fi ci su ne dattawa da masu yanar ido, domin idonsu ya fi tarwatsa haske kuma ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai. Mutumin da ya daina fita da dare saboda wannan an tauye masa wani abu na rayuwarsa, kuma bai kamata a ɗauki kukansa a matsayin ƙorafin banza ba.

Ana ɗan motsawa. Akwai fitilu masu kyamara da ke rage haske daidai inda wata mota take su bar sauran titi a haske, irin wadda Audi ta fito da ita a 2013. Amurka ba ta halatta su ba sai a Fabrairun 2022. An kuma amince a Jeniba cewa daga Satumbar 2027 sababbin samfuran motoci su zo da na'urar daidaita fitila mai aiki da kanta. Sai dai wannan ba zai taɓa miliyoyin motocin da ke kan hanya yanzu ba.

Idan kuma aibin daga masana'anta ya taho, tsadar mota ko girman sunan kamfani ba su wanke shi ba. A 2019 kamfanin General Motors ya nemi a yafe masa wani haske da ke tsallake iyaka a fitilun motocinsa na GMC Terrain, hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ƙi a 2022, sai da ya kira motoci sama da 700,000 don gyara. A Tarayyar Turai mai sayen sabon kaya yana da garantin doka na shekara 2 a kan mai sayarwa, a Birtaniya kuma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. Fitilar da ba ta cika ƙa'ida ba aibi ce kamar kowane aibi.

Gwada taka fitilar ba ya bukatar wata na'ura. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangara, da bango a gabansa, ka tabbatar iskar tayoyi daidai take kuma but ba kaya. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bango a wannan tsayin, sannan ka ja baya mita 10 ka kunna dim. In an rubuta 1.0% a fitilarka, kwantaccen ɓangaren layin haske ya kamata ya tsaya santimita 10 ƙasa da alamar. In ya hau kan alamar ko ya wuce ta, akwai sukurun saiti a bayan gidan fitila, makaniki zai daidaita shi cikin 'yan mintuna. In kuma babu wani layi sam, haske ne kawai a watse, to ko dai ƙwan ba na gidan ba ne, ko an sa shi a karkace, ko gilashin ya dusashe yana bukatar gogewa.

Wanda aka dallare wa ido shi ma doka ta yi magana da shi. Ƙa'ida ta 115 a kundin Birtaniya ta ce ya rage gudu, in ta kama ma ya tsaya. Ya kawar da kallonsa daga hasken zuwa gefen titi na ɓangarensa, kuma kada ya rama da nasa ful ɗin, domin haramcin kashe idon wani bai faɗi ba don wancan ne ya fara.