Masu son hayar motar kwana su hau duwatsun Roki, ga amsoshinku wuri ɗaya

Da zarar sanyi ya ja baya a Amurka wayata ta daina hutawa. 'Yan uwa na son su yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki da ake kira RV, su kwashi iyali su nufi Kolorado ko Montana. Tambayoyin ba sa canzawa. Na tara su nan, wanda ya sake bugowa wannan zan tura masa.

Sai da lasin babbar mota?

A'a. A yawancin jihohi lasin ƙaramar mota ya isa, muddin nauyinta bai kai fam 26,000 ba. Waɗanda aka saba bayarwa haya ba sa kaiwa.

Babba za mu ɗauka ko ƙarama?

Ƙarama. Na san Hajiya ta ga mai falo a hoto ta ƙyasa, amma hanyar Going-to-the-Sun da ke gandun Glacier a Montana ba a barin motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi ta ratsa tsakiyarta, kuma har da madubi ake aunawa. Ka ɗauko zungureriya, ka ajiye ta a ƙasa, ka bi layin bas. To me aka yi ke nan?

Za mu iya zuwa hutun Disamba?

Ku je ku ga ƙofa a rufe. Hanyar Trail Ridge a Kolorado, daga Estes Park zuwa Grand Lake, tana hawa har mita 3,713, kuma galibi daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba kawai take buɗe. Ta Glacier kan kai ƙarshen Yuni ko Yuli ana kwashe mata ƙanƙara.

Yaya ake saukowa daga dutse birki bai ƙone ba?

Yawwa. Wannan ce ya kamata ku fara yi, amma sai na tsokano ta da kaina. Hawa ba ya kashe mutum, iyaka inji ya yi nishi, don iskar sama ba ta da kauri kuma ƙarfinsa na raguwa. Ka koma hannun dama, ka sa ido kan allurar zafi, ka tafi a hankali. Gangara ce abin tsoro. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san yadda birki ke yaudarar babbar mota, to a hanyar I-70 a Kolorado, in ka fito ramin Eisenhower da hanya ta ratsa cikin dutse ka fuskanci garin Silverthorne, gangara ce mai kashi 7 cikin 100, kilomita bayan kilomita. Shi ya sa za ka ga an fitar da wata hanya a gefe an cika ta da tsakuwa, don tirelar da birkinta ya tsinke ta afka ciki.

Ka'idar da ake koyarwa ita ce ka rage giya tun kana kan tudu, kafin mota ta ɗauki gudu. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ko ma ƙasa da ita. Sai dai wannan ba aya ba ce. Ya danganta da nauyin da ka ɗora, da ko tankin ruwanka cike yake, da ko kana jan wata mota a baya. Wasu manyan masu shan dizal suna da birkin inji, masu fetur kuma sau da yawa akwai maɓallin jan kaya da ke riƙe giya. Ka tambayi mai hayar ya nuna maka da yatsa kafin ka bar filinsu, kada ka ji kunya.

Inji zai yi ƙara kamar zai fashe. Ƙyale shi, aikinsa yake yi, muddin allura ba ta shiga ja ba. Idan gudu ya wuce abin da ka tsayar, taka birki sosai na 'yan daƙiƙu, gudu ya sauka, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai kaɗan-kaɗan tun daga sama har ƙasa shi ke gasa shi. In hanya da ruwa ko ƙanƙara kuwa, ko wannan takun sai da lallashi. Ka ji ƙauri, ko birki ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafarka? Nemi fili ka tsaya, kada ka watsa masa ruwa, ka jira ya huce. Masu sa mota a firi don tattalin mai, don Allah ku bar mana wannan halin. Kuma in motoci sun yi jerin gwano a bayanka, ratse inda aka tanada su wuce. Ba tsere ake ba.

Tana shan mai?

Gida kake ja a kan taya, Malam. Me kake zato?

Wa ke kwashe banɗakin?

Kai. Akwai wuraren zubarwa a sansanonin kwana. Sa safar hannu, fara da tankin bahaya, ka biyo da na ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyo.

Yaro na ciwon kai da amai tun da muka hau, mu yi yaya?

Kwantar da hankalinki, yawanci tsawon wurin ne, kuma yakan fara daga wajen mita 2,500. Ya sha ruwa, ya huta, kada ku ƙara hawa. In numfashi na yi masa wuya yana zaune, ko ya rikice, ku sauko nan take ku nemi asibiti. Da kun fara kwana a Denba kafin ku hau, da abin ya zo da sauƙi.

Sallah da nama fa?

Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Naman halal ku saya a Aurora kusa da Denba, ku cika firji.

Za mu iya yin fakin ko'ina mu kwana?

A cikin gandun gwamnati irin su Glacier, a'a, sai a sansani. Ana kama wuri a Recreation.gov, da yawansu tun wata shida kafin ranar. Kada ku kwana janareto na aiki, hayaƙinsa na kisa, kuma ba ya sallama. Kada kuma ku bar tukunyar miya a waje, dabbar dajin nan beyar na jin ƙamshi daga nesa.

Yara za su iya kwanciya a gado mota na tafiya?

A'a. Kujera, da bel.