Sharar asibiti da ɗaurin rai da rai: wa doka take nufi?

Saƙon murya yana ta yawo a wayoyin ma'aikatan asibitoci a nan Gombe, wai duk mai sharar da aka kama ya zubar da bolar asibiti a kwari ɗaurin rai da rai ne. Wata baiwar Allah da ke goge-goge a wani ƙaramin asibiti ta tare ni hankali a tashe tana cewa, "Malam, ashe gidan yari nake ɗaukar wa kaina kullum?"

Ɗaurin rai da rai yana nan a doka, ba ƙarya ba ne. Sai dai a san mafarinsa. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Gwamnatin Babangida ta fitar da doka mai lamba 42 a shekarar. Ta ce duk wanda ya ɗauko, ya zubar, ya shigo da, ya saya ko ya sayar da shara mai cutarwa ba tare da izinin hukuma ba, ɗaurin rai da rai ne, kuma motar da ta yi dako da filin da aka zuba sun zama na gwamnatin tarayya.

Inda ake ruɗewa shi ne ma'anar "mai cutarwa". Dokar ta ɗaure kalmar da sharaɗi: sai abin ya kai yawan da zai iya jawo mutuwa, ko mummunan rauni, ko naƙasar da ba ta warkewa. Kwali da ledar fiya wata da ragowar tuwon 'yan jinya ba su shiga nan. Kuma idan kamfani ne ya yi laifin, dokar tana bin manaja ko darakta da ya amince ko ya yi sakaci. Ban ce mai shara ya kuɓuta ba idan da saninsa ya taimaka aka watsar da guba, amma ba dominsa aka rubuta ta ba.

Wadda ta fi shafar aikin yau da kullum ita ce ƙa'idar sharar asibiti ta 2021 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ta haɗa asibitin gwamnati da na kuɗi da ɗakin gwaji, kuma nauyi yana kan wurin da ya samar da sharar.

Ɗaya jita-jitar ta fi ba ni tsoro: wai tunda an ce a riƙa sake sarrafa shara, an halatta sayar wa 'yan bola jari sirinji da robar ƙarin ruwa. Ko kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti irin ta gida ce, kashi 15 ne mai haɗari. A cikin wancan kaso mai yawa ake neman na sarrafawa, kamar kwali da takarda da gorar ruwa. Shi ya sa ake raba bokitai tun daga gefen gado: baƙi na sharar gida, rawaya na abin da ya taɓa jini ko ciwo, ja na mafi haɗari, ruwan ƙasa na magani da sinadari, allura kuma cikin akwatinta ba tare da an mayar mata da murfi ba. Audugar jini ɗaya ta faɗa cikin baƙin bokiti, duka ya lalace, dole a ƙone shi a matsayin mai haɗari. Yaron da ke fesa ruwa da sirinjin da ya tsinto a bola yana wasa ne da ciwon hanta.

Abin da ke damuna shi ne ƙaramin asibitin unguwa da ba shi da injin ƙona shara. Rami yake haƙawa a bayan gini ya cinna wuta, hayaƙin roba kuma guba ne ga maƙwabta. A ganina bai dace a tsoratar da mai shara da gidan yari ba alhali ko safar hannu ba a ba ta ba. Na ce wa matar nan ta nemi safar hannu da takalmin roba a wurin mai asibitin, in kuma aka sa ta kai jakar rawaya kwari, ta kai kuka ofishin GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe.