Linz: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Tambayoyi iri ɗaya ake ta aiko min a kan Linz. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Linz a Jamus take?

A'a, a Ostiriya take. Ita ce hedkwatar jihar Ostiriya ta Sama, a bakin kogin Danub, birni na uku a girma bayan Biyana da Graz. Mutanenta sun ɗan haura 200,000. Jamusanci suke yi, shi ne ke rikita ku.

An ce garin hayaƙi ne, babu abin gani.

Wanda ya faɗa maka haka labarin shekarun 1970 yake ba ka. A lokacin 'yan ƙasar da kansu suna yi wa garin gorin wari. An tsaurara doka a kan masana'antu, iska ta gyaru. Tun 1979 ake bikin Ars Electronica na fasahar kwamfuta da zane, kuma a 2009 Linz ta zama babban birnin al'adu na Turai. Ku daina yanke wa gari hukunci da jita-jita.

Me ake ƙerawa a can?

Ƙarfe, kuma ba na wasa ba. A masana'antar da yau ake kira voestalpine aka fara aiki da dabarar LD a 1952, wato harufan farko na garuruwan Linz da Donawitz. Ana zuba narkakken ƙarfe a wata ƙatuwar tukunya, a zura bututu ta sama, a hura masa iskar oksijin zalla. Iskar ta ƙone kabon da ya yi yawa a ciki, aikin da tsohuwar tanda ke shafe sa'o'i a kai ya ƙare ƙasa da awa guda. Fiye da rabin ƙarfen duniya da wannan dabarar ake tace shi yanzu. Akwai kuma masana'antun sinadarai da takin zamani.

Wa ya kafa masana'antar?

Wannan ce kuke tsallakewa, kuma ita ta fi damuna. 'Yan Nazi ne, a watan Mayun 1938, wata biyu bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya, suka sa mata sunan Hermann Göring, ɗaya daga cikin manyan jagororinsu. An rushe ƙauyen St. Peter, an tashi mutane kusan 4,500. Dubban waɗanda aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye sun yi aikin tilas a ciki, har da fursunonin Mauthausen, sansanin azabtarwa na 'yan Nazi da ke kusa da Linz. Hitler ya yi makaranta a Linz, ya ɗauke ta garinsu, duk da a Braunau aka haife shi. Gadar Nibelungen da za ka tsaya ɗaukar hoto a kanta ginin zamaninsa ce. Kada ka yabi ƙarfen ka yi shiru a kan wannan.

To tarihinta daga nan ya fara?

Haba dai. Rumawa sun yi sansani a nan mai suna Lentia, sunan Linz ya bayyana a rubuce a 799. Sarki Friedrich na Uku a nan ya rasu a 1493. Masanin taurari Johannes Kepler ya zauna daga 1612 zuwa 1626, jami'ar garin sunansa ta ci. A 1832 aka buɗe layin dogo zuwa Budweis da ke ƙasar Czech a yau, dawakai ke jan taragon, gishiri ne babban kayan.

Ina Biyana, kwana ɗaya gare ni. Zan iya haɗa Linz da Mauthausen?

Zai yiwu, amma ya danganta da rana, da lokacin shekara, da ƙarfin ƙafarka. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai ka Linz cikin kusan awa ɗaya da kwata. Mauthausen tana da nisan kilomita 20 a gabas, sai dai sansanin a kan tudu yake, nesa da tashar jirgin ƙauyen, don haka ko ka nemi bas ko tasi, ko ka shirya hawa da ƙafa. In hunturu ne, ni ba zan ba ka shawarar haɗawa ba: gari na yin duhu tun ƙarfe huɗu da rabi, wurin na rufewa da wuri. Litinin ma ka kiyaye ta, yawancin gidajen tarihi a rufe suke. Lahadi kuma kantuna ne a rufe.

In bazara ce, fara da Mauthausen da sassafe, ka ba ta awa uku aƙalla. Mutum kusan 190,000 aka tsare a can da rassanta, aƙalla 90,000 suka mutu kafin sojojin Amurka su iso ranar 5 ga Mayu 1945. Za ka ga ramin fasa dutse da matakala 186 da fursunoni ke hawa da dutse a gadon baya. Wasu in sun fito ba sa iya yawon buɗe ido a ranar, kuma ba laifi ba ne. In kana da sauran kuzari, koma dandalin Hauptplatz ka shiga taragon Pöstlingberg, wanda ke hawa tudun tun 1898. Daga sama za ka ga tsohon gari a dama, kogi a tsakiya, tururin masana'anta na tashi a can hagu. Ziyarar cikin masana'antar kuwa sai ka yi rajista tun kafin ka zo, kar ka sa ta a lissafin wannan ranar. In da hali, ka kwana kawai.

Wace coci ce ta fi girma?

Cocin Mariendom, mafi girma a ƙasar, tana ɗaukar mutum 20,000. An fara ta a 1862, an gama a 1924.

Zan samu abincin halal da masallaci?

Kwantar da hankalinka. Turkawa da 'yan Bosniya sun daɗe a garin, akwai masallatai da mahauta. A gidan abinci dai ka tambaya, naman alade ya yi yawa a girkinsu.

Sai na iya Jamusanci?

Ziyara, Turanci ya ishe ka. Aiki ko zama, je ka koya.